Katalis na ƙwayoyin nano na gaurayen ƙarafa

Katalis na ƙwayoyin nano na gaurayen ƙarafa wasu mitsi-mitsin ƙwayoyi ne da ake haɗawa daga ƙarafa biyu ko fiye, masu faɗin nanomita 1 zuwa 100, waɗanda ake amfani da su wajen hanzarta sauyin sinadarai masu kabon, wato sinadaran oganik. Yawancin waɗanda ake aiki da su a masana'antu da ɗakunan bincike ba sa wuce nanomita 10. Akan shimfiɗa su a kan wani gari mai ramuka da ake kira maɗauki, kamar sarrafaffen gawayi, silika, alumina ko titaniya. Daga cikin gaurayen da aka fi sani akwai zinariya da faladiyom (Au–Pd), faladiyom da azurfa (Pd–Ag), filatinom da kuza (Pt–Sn), da kuma nikel da jan ƙarfe (Ni–Cu).

Abin da ya bambanta su da katalis na ƙarfe guda shi ne, ƙarfe na biyu yana sauya maƙwabtan atom ɗin da ke yin aikin. Wannan sauyi kan rage fitowar sinadaran da ba a so, ya tsawaita rayuwar katalis, ya kuma rage yawan ƙarfe mai tsada da ake buƙata. Wani lokaci gaurayen yakan yi aikin da babu ɗaya daga cikin ƙarafan biyu da zai iya yin sa shi kaɗai. Da irin waɗannan katalis ake samar da sinadaran da ake yin leda, fenti, gam, gilashin roba da man fetur mai inganci, ana kuma binciken amfaninsu wajen haɗa magunguna da kayan ƙanshi.

Asalin kalmomin

Kalmar "katalis" ta samo asali ne daga kalmar Girkanci katalusis, mai ma'anar warwarewa ko kwancewa. Masanin sinadarai ɗan ƙasar Suwidin, Jöns Jacob Berzelius, shi ya shigo da ita cikin kimiyya a 1835, domin ya ba da suna ga abubuwan da ke sa wasu sinadarai su sauya alhali su kansu ba su ƙare ba. "Nano" ma daga Girkanci take, daga nanos, wato wada. A 1960 aka karɓe ta a tsarin ma'aunai na duniya a matsayin ɗafa-goshi mai nuna kashi ɗaya cikin biliyan. Saboda haka nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Kaurin silin gashin mutum yakan kai kimanin nanomita 80,000. A Hausa, ƙarfen da aka zuba cikin wani ƙarfe ana kiran sa gami, kamar yadda ake cewa zinariya marar gami. Tagulla, wadda ake samu daga jan ƙarfe da kuza, tana daga cikin tsofaffin gaurayen ƙarafa da ɗan Adam ya sani.

Yadda katalis yake aiki

Kowane sauyin sinadari yana da shingen kuzari da dole a tsallake kafin ya auku. Katalis yana buɗe wata hanya mai gajeren shinge, don haka sauyin yakan yi sauri ko ya auku a ƙarancin zafi. A kan ƙarfe, molekul yakan manne a fuskar ƙarfen, ɗaurin da ke tsakanin atom ɗinsa ya yi rauni, ya haɗu da wani molekul, sannan sabon sinadarin ya saki fuskar ya ba wani wuri.

Ƙa'idar da ake jinginawa ga Paul Sabatier na Faransa ta ce riƙon da ƙarfe zai yi wa molekul ya zama matsakaici. Idan ya yi sako-sako, molekul zai tafi ba tare da ya sauya ba. Idan ya yi ƙarfi da yawa, zai liƙe ya toshe wurin. Ana auna katalis da abubuwa uku: hanzari, wato yawan molekul da yake sauyawa a wani lokaci, zaɓi, wato kason abin da ake so a cikin duk abin da ya fito, da ƙarko, wato tsawon lokacin da zai yi yana aiki.

Atom ɗin da ke fuskar ƙwaya ne kawai ke haɗuwa da molekul, na ciki ba sa taɓa komai. Wannan ne dalilin ƙanƙanta ƙwayoyin. A dunƙulalliyar ƙwaya mai atom 13, guda 12 suna waje. A mai atom 55, wadda faɗinta ya kai kusan nanomita 1.4 idan ta zinariya ce, 42 suna waje, wato kashi 76 cikin 100. A mai atom 561 kuwa, 252 ne a waje, kashi 45 cikin 100 ke nan. Yayin da ƙwaya ke ƙara girma, kason yana ta raguwa, har ya zama yawancin ƙarfen da aka saya da tsada yana binne ba ya amfanar komai.

Tarihi

A 1857 Michael Faraday ya bayyana yadda ya haɗa wani jan ruwa a Landan, wanda launinsa ya fito daga ƙananan ƙwayoyin zinariya da ido ba ya gani. A 1897 Sabatier da Jean-Baptiste Senderens suka gano a birnin Toulouse cewa garin nikel yana ƙara haidurojin a kan sinadarai masu kabon, aikin da ya samar wa Sabatier kyautar Nobel a 1912. A 1926 injiniyan Amurka Murray Raney ya narka nikel da alminiyom tare, sannan ya cinye alminiyom ɗin da ruwan soda mai ƙarfi, ya bar nikel mai ramuka kamar soso. Har yau ana aiki da wannan katalis da sunansa.

A 1952 Herbert Lindlar, na kamfanin magunguna na Hoffmann-La Roche a Basel ta Suwizalan, ya wallafa bayanin katalis na faladiyom da aka rage wa kaifi da dalma. Wannan ya ba da damar ƙara haidurojin a kan ɗauri mai ninki uku ya tsaya a ninki biyu, matakin da ake buƙata wajen haɗa bitamin A. Wannan yana daga cikin misalan farko da suka nuna cewa rage ƙarfin katalis da gangan yakan ƙara masa zaɓi.

Matatun mai ne suka fara amfani da gaurayen ƙarafa da yawa. A ƙarshen shekarun 1960 kamfanin Chevron ya fito da filatinom da reniyom, kamfanin Exxon kuma ya biyo baya da filatinom da iridiyom a farkon shekarun 1970, bisa aikin John H. Sinfelt. Waɗannan katalis sun fi filatinom zalla daɗewa, sun kuma taimaka wajen samar da fetur mai ƙarfi ba tare da an zuba masa dalma ba.

An daɗe ana ɗaukar zinariya a matsayin ƙarfen da ba ya aikin katalis. A 1985 Graham Hutchings ya yi hasashen cewa za ta dace da haɗa asetilin da haidurojin kulorayid. A 1987 Masatake Haruta a Osaka ta Japan ya nuna cewa ƙananan ƙwayoyin zinariya suna ƙona iskar kabon monoksayid ko da a sanyin digiri 70 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas. A 1998 Laura Prati da Michele Rossi a Milan ta Italiya suka yi amfani da zinariya wajen sauya alkohol a cikin ruwa. Daga nan bincike a kan gauraya zinariya da wasu ƙarafa ya bunƙasa.

Tsarin ƙwayoyin

Ƙarafa biyu suna iya zama a cikin ƙwaya ɗaya ta hanyoyi dabam-dabam, kuma kowane tsari yana da halinsa:

Gauraye na barkatai. Atom ɗin ƙarafan biyu suna warwatse ba tare da tsari ba. Zinariya da faladiyom suna gauraya haka a kowane kaso.

Gauraye mai tsari. Kowane atom yana da tsayayyen mazauni, kuma kason ƙarafan ƙayyadadde ne, kamar faladiyom da galiyom (PdGa) ko faladiyom da dalma (Pd3Pb).

Ciki da ɓawo. Ƙarfe ɗaya yana tsakiya, ɗayan ya lulluɓe shi, kamar gyaɗa da ɓawonta. Ana iya sa ƙarfe mai arha a ciki, mai tsada a waje.

Fuska biyu. Kowane ƙarfe ya tare a gefe guda, suna haɗe ta tsakiya.

Gauraye na atom ɗaiɗai. Ƙarfe mai aikin ɗan kaɗan ne ƙwarai, ta yadda kowane atom ɗinsa yana zaune shi kaɗai a tsakiyar atom ɗin ɗaya ƙarfen.

Abin da ke fuskar ƙwaya ba lallai ya yi daidai da abin da aka zuba ba. Idan babu wata iska a kewaye, zinariya ce ke son fitowa waje a gaurayen Au–Pd. Idan aka gasa ƙwayoyin a cikin iska a kusan digiri 400, oksijin yakan jawo faladiyom waje, zinariya ta koma ciki.

Abin da ƙarfe na biyu yake yi

Masana suna raba tasirin ƙarfe na biyu gida uku, ko da yake a zahiri sukan zo a cakuɗe.

Na farko shi ne tasirin jeri. Wasu sauye-sauye suna buƙatar atom uku ko fiye na ƙarfe mai aiki su kasance jere da juna, wasu kuwa atom ɗaya ko biyu sun ishe su. Idan aka sirka ƙarfen da wani marar kaifi, manyan jeri sukan watse, sauyin da ke buƙatar su ya tsaya. A 1972 Sinfelt da abokan aikinsa suka nuna haka: ƙara jan ƙarfe kashi 5 cikin 100 a kan nikel ya rage saurin tsinka ɗaurin kabon da kabon na iskar itan kusan sau dubu, amma cire haidurojin daga saikuloheksen bai ragu ba.

Na biyu shi ne tasirin elektron. Maƙwabcin atom yana sauya yadda elektron ɗinsa suke, don haka yana sauya ƙarfin riƙonsa. Bambancin girma ma yana da hannu. Tazarar atom a zinariya ta fi ta faladiyom da kusan kashi 5 cikin 100, saboda haka siririn ɓawon faladiyom da ke kan zinariya yakan miƙe fiye da yadda ya saba. A 1995 Bjørk Hammer da Jens Nørskov na Danmak suka fito da ra'in da ke danganta matsayin wani rukunin elektron na ƙarfe, rukunin d, da ƙarfin riƙonsa. Da wannan ra'i ake hasashen halin gauraye ta kwamfuta kafin a haɗa shi.

Na uku shi ne raba aiki. Kowane ƙarfe yana ɗaukar nasa ɓangare. A gaurayen filatinom da kuza, filatinom yana raba molekul ɗin haidurojin gida biyu, atom ɗin kuza kuma suna jawo oksijin da ke jikin sinadarin. Ta haka ake ƙara haidurojin a kan ɗaurin kabon da oksijin, a bar ɗaurin kabon da kabon yadda yake, abin da ake buƙata wajen haɗa wasu kayan ƙanshi.

Ban da waɗannan, ƙarfe na biyu yakan ƙara ƙarko. Zinariya tana hana oksijin mamaye faladiyom. Kuza kuma na rage baƙin kabon da ke taruwa a kan filatinom yayin da ake cire haidurojin daga furofen domin samar da furofilin.

Hanyoyin haɗawa

Jiƙawa ita ce hanya mafi sauƙi kuma mafi yaɗuwa a masana'antu. Ana narka gishirin ƙarafan biyu a ruwa, a jiƙa garin maɗauki da shi, a busar, a gasa, sannan a bi da iskar haidurojin domin gishirin ya koma ƙarfe. Aibinta shi ne ƙwayoyin ba sa fitowa da girma ɗaya, kuma sau da yawa manya sukan fi ƙunsar ƙarfe ɗaya, ƙanana su fi ƙunsar ɗayan.

A hanyar haɗawa cikin ruwa, ana fara samar da ƙwayoyin ne kafin a ɗora su a kan maɗauki. Ana zuba sinadari mai mayar da gishiri ƙarfe, kamar sodiyom borohayidirayid, tare da wata folima da ke naɗe kowace ƙwaya ta hana ta mannewa da 'yar'uwarta. Wannan hanya tana ba da ƙwayoyi masu kusan girma ɗaya, sai dai ragowar folimar tana iya rufe wani ɓangare na fuskar ƙarfen. Naoki Toshima na Japan yana cikin waɗanda suka inganta wannan hanya, inda ya yi amfani da alkohol wajen samar da ƙwayoyin faladiyom da filatinom.

Idan ana son tsarin ciki da ɓawo, akan haɗa ƙwayar ƙarfe na farko, sannan a tsirar da na biyu a kanta. Akwai kuma hanyar musanya, inda ake zuba ƙwayoyin jan ƙarfe a ruwan gishirin faladiyom ko filatinom, wasu atom na jan ƙarfe su narke, na ƙarfe mai daraja su maye gurbinsu. Wasu masu bincike suna amfani da ruwan ganye ko ɓawon itatuwa a madadin sinadaran kanti, amma daidaita girma da kason ƙarafa ta wannan hanya yana da wuya.

Yadda ake gano tsarinsu

Zuba ƙarafa biyu a tukunya ɗaya ba hujja ba ce cewa sun gauraya, tunda kowanne yana iya yin nasa ƙwayoyin dabam. Don tabbatarwa ana haɗa hanyoyi da yawa. Madubin elektron yana nuna girma da siffar ƙwaya, na zamani ma yana nuna atom ɗaiɗai, inda masu nauyi kamar zinariya suke fin haske. Hasken eks-re yana auna tazarar jerin atom: ta zinariya nanomita 0.408 ce, ta faladiyom 0.389, ta gaurayensu kuma tana faɗowa tsakanin biyun gwargwadon kason kowanne, kamar yadda dokar Vegard ta 1921 ta nuna. Ana kuma amfani da iskar kabon monoksayid a matsayin ɗan leƙen asiri. Idan atom ɗin faladiyom suna jere, takan kwanta a kan biyu ko uku. Idan suna ware, sai ta tsaya a kan ɗaya, kuma hasken infared yana bambanta yanayin biyu.

Amfani a sauye-sauyen oganik

Sauya alkohol zuwa aldehayid

A kimiyyar sinadarai, alkohol suna ne na babban dangin sinadarai masu rukunin oksijin da haidurojin a jikin kabon. Sauya su zuwa aldehayid ko kiton mataki ne da ake yawan bi wajen haɗa magani da turare. Tsohuwar hanya tana amfani da gishirin kuromiyom ko na manganis da yawa, ta bar tarin shara mai guba. Wani nau'in kuromiyom ɗin ma yana haddasa ciwon daji. Idan katalis ya ba da damar amfani da oksijin na iska, ruwa ne kawai ke saura.

A 2006 ƙungiyar Hutchings ta Jami'ar Cardiff a Birtaniya ta wallafa a mujallar Science cewa ƙwayoyin Au–Pd a kan titaniya suna yin wannan aiki ba tare da ruwan narkarwa ba, da hanzarin da ya kai zagaye 270,000 a awa ɗaya, wato kusan 75 a kowace daƙiƙa. Binciken ya nuna cikin ƙwayoyin ya fi yawan zinariya, ɓawonsu kuma ya fi yawan faladiyom, kuma ƙara zinariyar ya inganta zaɓi. A 2011 ƙungiyar ta nuna cewa gaurayen yana iya aiki a kan ɗaurin kabon da haidurojin na toluwin, wanda ya fi wuyar taɓawa.

A 2010 ƙungiyar Shu Kobayashi ta Jami'ar Tokyo ta nuna cewa canza abokin zinariya yana canza abin da ke fitowa. Daga alkohol iri ɗaya, zinariya da filatinom sun ba da aldehayid ko asid, zinariya da faladiyom kuwa sun ba da esta.

Bainil asetet

Wannan shi ne mafi shaharar amfanin Au–Pd a masana'antu. Tun ƙarshen shekarun 1960 kamfanonin Bayer da Hoechst na Jamus suka fito da hanyar haɗa etilin, asid na asetik da oksijin a kan faladiyom da zinariya da aka ɗora a kan silika, tare da fotasiyom asetet. Daga bainil asetet ake yin farin gam na kafintoci, fentin bango mai narkewa a ruwa, robar tafin takalma, da shimfiɗar da ke kare faifan sola. A 2005 ƙungiyar D. Wayne Goodman ta Jami'ar Texas A&M ta bayyana aikin zinariyar: tana ware atom ɗin faladiyom, ta yadda guda biyu da ba su taɓa juna ba, amma tazararsu ta dace, suke haɗa sinadarin. Rashin manyan jerin faladiyom kuma yana rage ƙonewar etilin zuwa iskar kabon.

Ƙara haidurojin bisa zaɓi

Etilin da ke fitowa daga masana'antun fasa mai yana zuwa da ɗan asetilin, kusan kashi 1 cikin 100. Wannan ɗan kaɗan ya isa ya lalata katalis ɗin da ke mayar da etilin leda, don haka dole a rage shi zuwa 'yan kaso cikin miliyan. Faladiyom zalla yana yin aikin, amma yakan zarce ya mayar da etilin ɗin ma itan, ya kuma tara wani mai mai danƙo da ke toshe katalis. Sirka shi da azurfa yana rage riƙon etilin, ya saki fuskar kafin a ƙara masa haidurojin. Shi ya sa Pd–Ag ya zama katalis ɗin da aka saba amfani da shi a wannan mataki.

Metil metakirilet

Daga wannan sinadari ake yin gilashin roba na fitilun mota da allunan talla. Kamfanin Asahi Kasei na Japan ya fara da gaurayen faladiyom da dalma, sannan a 2008 ya koma ƙwayoyin zinariya masu lulluɓin nikel oksayid, masu faɗin nanomita 2 zuwa 3, a masana'anta mai samar da tan 100,000 a shekara. Tunda nikel ɗin a haɗe yake da oksijin, wannan ba cikakken gauraye ba ne, amma ana yawan kawo shi a matsayin misalin ƙwayoyin ƙarafa biyu da suka fita daga ɗakin bincike suka shiga kasuwa.

Ɗaura kabon da kabon

Faladiyom ne ginshiƙin hanyoyin ɗaura molekul biyu ta kabon, waɗanda suka samar wa Richard Heck, Ei-ichi Negishi da Akira Suzuki kyautar Nobel a 2010. Ana bin hanyar Suzuki wajen haɗa losatan, maganin hawan jini. Yawanci faladiyom ɗin narkakke ne, kuma raba shi da maganin yana da wahala, shi ya sa ake neman ƙwayoyin da za a iya tacewa a sake amfani da su. A 2012 ƙungiyar Hidehiro Sakurai a Okazaki ta Japan ta nuna cewa gaurayen Au–Pd yana tsinka ɗaurin kabon da kulorin a zafi kaɗan, alhali ƙwayoyin zinariya zalla, na faladiyom zalla, ko cakuɗa su biyun a kwano ɗaya ba su yi aikin ba.

Sinadarai daga tsirrai

Ana gwada gaurayen ƙarafa wajen sarrafa giliserin, wanda ke saura kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin dizal ɗin da ake yi daga man tsirrai, da kuma furfural, wanda ake samu daga totuwar masara da tuƙar rake. Waɗannan molekul suna da gurabe da yawa da za su iya sauyawa, don haka zaɓi ne babbar matsalarsu.

Matsaloli

Dunƙulewa: a cikin zafi ƙananan ƙwayoyi sukan haɗe su zama manya, fuskar aiki ta ragu.

Sauyin tsari: ƙwaya tana iya canza fuska a tsakiyar aiki. A 2008 masu bincike a Berkeley ta Amurka, ciki har da Gabor Somorjai da Miquel Salmeron, suka nuna cewa a ƙwayoyin rodiyom da faladiyom, ƙarfen da ke fitowa waje yana canzawa bisa iskar da ke kewaye, kuma yana komawa idan an mayar da iskar farko. Ma'anar wannan ita ce, tsarin da aka auna kafin aiki ba lallai ne ya zama shi ke aikin ba.

Zagwanyewa: a cikin ruwa wasu atom sukan narke su bar ƙwayar. A hanyar Suzuki, masana sun daɗe suna muhawara kan ko fuskar ƙwayar ce ke aiki ko kuwa ɗan faladiyom da ya narke. Gwajin da aka saba yi shi ne a tace katalis ɗin da zafinsa a tsakiyar aiki. Idan ruwan ya ci gaba da sauyawa, to akwai narkakken ƙarfe a ciki. Wannan ya shafi lafiya, domin ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ICH ta ƙayyade faladiyom da mutum zai sha ta hanyar magani a maikurogiram 100 a rana.

Guba: sinadarai masu farar wuta sukan liƙe wa ƙarfen su kashe shi.

Tsada da ƙaranci: kusan kashi 70 cikin 100 na filatinom da ake haƙowa a duniya daga Afirka ta Kudu yake fitowa, Rasha kuma tana samar da kusan kashi 40 cikin 100 na faladiyom. Farashinsu yana hawa da sauka ƙwarai. Oza ɗaya na faladiyom ya haura dala 3,000 a watan Maris na 2022, ya faɗo ƙasa da dala 1,000 a farkon 2024. Haka kuma dawo da ƙarafa daga tsohon katalis ya fi wuya idan a gauraye suke.

Sababbin fagagen bincike

A 2012 ƙungiyar Charles Sykes ta Jami'ar Tufts a Amurka ta nuna cewa atom ɗaiɗai na faladiyom a fuskar jan ƙarfe suna raba haidurojin, ya malala kan jan ƙarfen, inda sauyin yake aukuwa da kyakkyawan zaɓi. Ta wannan hanya ƙarfe mai tsada yakan zama kashi 1 cikin 100 ko ƙasa da haka.

Ana kuma neman barin ƙarafa masu daraja gaba ɗaya. A 2008 lissafin kwamfuta na ƙungiyar Nørskov ya nuna nikel da tutiya a matsayin madadin Pd–Ag wajen cire asetilin, a 2012 kuma masu bincike a Jamus suka nuna cewa gaurayen alminiyom da baƙin ƙarfe mai tsari (Al13Fe4) yana yin wannan aiki.

A Jami'ar Kyoto, ƙungiyar Hiroshi Kitagawa ta gauraya ƙarafan da ba sa gauraya idan suna manya. A 2010 ta haɗa rodiyom da azurfa, maƙwabtan faladiyom na hagu da dama a jadawalin sinadarai, gaurayen kuma ya shanye haidurojin kamar yadda faladiyom ke yi. A 2014 ta haɗa faladiyom da ruteniyom, maƙwabtan rodiyom.

A 2018 ƙungiyar Liangbing Hu ta Jami'ar Maryland ta bayyana hanyar zafafa gishirin ƙarafa zuwa kusan digiri 1,700 na tsawon milidaƙiƙa 55, sannan a sanyaya nan take. Ta haka ta gauraya har ƙarafa takwas a ƙwaya ɗaya. Yawan haɗe-haɗen da za a iya samu daga ƙarafa biyar ko fiye ya wuce abin da za a gwada ɗaya bayan ɗaya da hannu, saboda haka ana amfani da lissafin kwamfuta da ƙirƙirarriyar basira wajen tantance waɗanda suka cancanci a haɗa a ɗakin bincike.

Duba kuma

Katalis
Faladiyom
Zinariya
Fasahar nano
Kimiyyar sinadaran oganik
Jadawalin sinadarai